Tudun Barau

Na fara sanin Barau a farkon 1992, bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa an dawo da mu daga Kano. Ni ma'aikacin gona ne, Gumel aka turo ni. Gidan da na samu haya bangonsa ɗaya da kantin Barau, kuma tagar ɗakin da 'ya'yana mata biyu suke kwana tana kallon filin da yake ajiye motocinsa. Daga baya na auna. Taku bakwai ne daga tagar zuwa inda salansar motar farko take tsayawa.

A lokacin ya ba hamsin baya. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, Bamange haifaffen garin. Bai yi boko ba. Yana yaro yake bin mahaifinsa da jakuna tsakanin Gumel da Maigatari, suna kai hatsi suna komowa da gishiri da kanwa. Daga jaki ya koma tebur a bakin kasuwa, daga tebur ya koma kanti mai ƙofa biyu. Shinkafa, man gyaɗa, sukari, sabulu, madarar gwangwani da biredi suna ciki, a gefe kuma ga rumfar kayan gwari: tumatir, tattasai, attarugu, albasa. Yana da ƙananan rumfuna uku a Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma daga wannan kantin yake ciyar da su duka.

Motoci uku gare shi, akori-kura, kowacce ta girmi aurena. Manu ke jan ta Maigatari, Ɗantala ke jan ta Gagarawa, Barau da kansa ke zuwa Sule Tankarkar. Babu wadda ke tashi da mukulli. Kik ɗinsu ya daɗe da mutuwa, batirin da ake samu a kasuwa kuwa jabu ne, wata biyu yake yi zafi ya cinye shi. Saboda haka kullum bayan sallar asuba, mutanen da suka fito daga masallaci su ke tura su ɗaya bayan ɗaya. Da zarar mota ta tashi, ba mai kashe ta. Ana lodi wajen awa biyu tana kunne. Idan an isa ƙauye ma haka take zama har a gama saukewa, domin ƙasar rairayi ce, wanda ya kashe mota a can sai ya tara rabin gari kafin ta motsa. Daga asuba zuwa magariba injin bai hutawa. Shekarun wahalar mai ne, fetur sai a hannun 'yan bumburutu, su kuma suna gauraya shi da kananzir. Hayaƙin yakan fito shuɗi-shuɗi, mai nauyi, ya kwanta a filin kamar ba shi da niyyar tashi.

Da yamma kuma sai wuta. Abin da ya dawo daga ƙauyuka bai sayu ba, tumatir da ya narke, biredin da ya yi funfuna, yagaggun buhuna da tarin leda, a bayan kanti ake zuba su a cinna musu ashana. Ɗanyen abu ba ya ci da wuta. Turnuƙewa yake yi har bayan isha'i.

Ba mugun mutum ba ne, kuma filin nan wurin raha ne. Manu Bafillace ne, don haka tsakaninsa da ubangidansa akwai wasan da ke tsakanin Fulani da Mangawa, ba ruwansu da wa ke biyan wani albashi.

"Bawana, yau ma ruwan kananzir ka ba saniyata ta sha?" in ji Manu, yana leƙa salansa. "Ji yadda take tari."

"Kai da ka taso a bayan shanu, ina ka san abincin mota? Ɗora buhun nan ka bar surutu."

"Ranar da ta mutu a hanya kai zan ɗaura wa igiya ka ja mu."

Sau ɗaya na yi masa maganar hayaƙin, ita ma cikin wasa. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai mu a cikinsa muka yi furfura," ya cika mini leda da tumatir. Ban ƙara ba. Ni baƙo ne a unguwar, ga kunyar maƙwabci, shi kuma ya girme ni da kusan shekara ashirin. Na toshe tagar da kwali. Da bazara ta shigo zafi ya sa muka cire.

Babbar 'yata Rahamatu tana da asma tun muna Kano, amma a can sau ɗaya ko biyu take tasar mata a shekara. A Gumel ta koma kusan kowane wata. Wata Litinin cikin Afrilun 1994, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ta taso mata tana shirin makaranta. Motar Manu tana ƙofar gida a kunne, an yi rabin lodi. Manu bai tsaya rufe baya ba, ya kwashe mu. Cikin minti takwas muna asibiti. Ta rasu kafin azahar, tana da shekara tara.

Na tambayi likita ko hayaƙi ne. Ya ce hayaƙi yana tsananta ciwon, amma ba zai iya cewa shi ne ya kashe ta ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni ma ban taɓa ƙara komai a kai ba.

Barau ya rufe kanti kwana uku ya zauna makoki a ƙofar gidana. Shi ya riƙa karɓar gaisuwa idan na kasa. Bayan sadakar arba'in, wata safiya na fito zan tafi aiki, ana lodi, motocin uku duk suna kunne. Sai ga tarin ƙaramar 'yata, Fadimatu, ya fito ta tagar nan, irin tarin da ke ƙarewa da ƙaramin fito a ƙirji. Shekararta shida. Barau yana riƙe da kan buhu, Ɗantala yana riƙe da gindinsa. Ya saki nasa ɓangaren.

"Malam, ƙaramar ma?"

Na ce, "Ita ma, Baba."

Ya sunkuya ya ɗauki kan buhun.

Na shiga neman wani gida. Garin ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su, ɗaki ɗaya ma sai da hanya. Gidajen da na samu biyu ne, ɗaya a bakin tasha, ɗaya kusa da masu gasa biredi. Muka zauna inda muke. Fadimatu kaɗai ta rage mana, kuma tana kwana a ɗakin da yayarta ta kwana, tana shaƙar abin da ta shaƙa.

Wutar yamma ce ta fara ɗaukewa. Sai da aka yi mako guda kafin na lura cewa magariba tana yi iska na nan garau. Na leƙa bayan kanti. Matar Barau, Safara'u, ce zaune da maƙwabtanta biyu, kowacce da wuƙa, suna tsince kwandunan da suka dawo. Tumatirin da ya yi laushi amma bai ruɓe ba suna tsaga shi biyu suna jerawa a tabarma, a kai saman soro ya bushe ya zama kauɗa. Tattasai da attarugu ma haka. Biredin jiya a yanka a shanya, masu kiwon kaji su saya. Wanda ya ruɓe sarai a zuba a rami, duk Juma'a wani manomi ya zo da amalanken shanu ya kwashe ya kai gona taki.

"Shekara talatin ina ce masa abinci yake ƙonawa," in ji Safara'u, ba ta ɗago kai daga wuƙarta ba. "Sai yanzu kunnensa ya buɗe."

Leda ce ta fi ba shi wuya, don ba ta bushewa ba ta zama taki. Sai ya bi ta hanyar gyara, ɗan ƙarin da mai sayarwa ke ɗora wa mai saye bayan an auna. Ya ce duk wanda ya zo da kwanonsa ko ƙwaryarsa gyaransa biyu, wanda ya nemi leda babu ko ƙwaya. Mata suka yi ta mita, suka ce Barau ya tsufa ya koma marowaci. Kafin damina ta wuce kowace yarinya da aka aiko kanti da kwano take zuwa.

Ya kuma rage yawan kayan gwarin da yake aikawa. Da can yakan cika mota ne don kada a ce rumfar Barau ba kaya. Yanzu yakan tambayi masu tsaron rumfunan kwando nawa suka sayar wancan makon, ya aika daidai haka. Wani lokaci kaya su ƙare kafin la'asar, mai saye ya wuce rumfar gaba. Ya san da haka, ya haƙura.

Saura motocin. Wata ranar Asabar cikin kakar 1994 na ga amalanke suna ta wucewa da jar marmara zuwa bayan gari, wajen tsohon kududdufin da ya ƙafe. Mako uku ana kaiwa ana daɓewa. Abin da ya fito tudu ne mai tsayin ƙirjin mutum, samansa shimfiɗaɗɗe yadda motoci uku za su tsaya, da gangara mai tsawon taku talatin. Da yamma kowace mota ta hau da baya, a sa dutse a gaban taya, a kashe ta. Da safe a turo kaya daga kanti a kura, a yi lodi injin na kashe. In an gama, direba ya sa giya ta biyu, a zare dutsen, mota ta gangaro, ya saki kuloci ta kama. Ya sa aka yi ƙananan tuddai irinsa a gefen rumfunan Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, don a can ma a riƙa kashewa.

Garin ya sami abin dariya. Wasu suka ce Barau ya gina wa motocinsa gadon sarauta. Manu ya tsaya a saman tudun ranar farko, ya riƙe ƙugu.

"Bamange dai Bamange ne. Mutane na gina bene su hau, shi ya gina wa ƙarfe."

"Sauko ka zare dutsen. In ta taka ka ma an rage mugun iri."

Ɗantala bai yi dariya ba. Tura kura da kaya tafiyar minti goma sha biyar kowace safiya ya ƙaru a kan aikinsa, ga yara bakwai a gida, ga ciwon baya. Ya yi aikin, amma ya daina gaishe ni da sakin fuska.

Na je na sami Barau don in yi godiya. Bai bar ni na kai ƙarshe ba.

"Mai ne ya yi tsada, Malam. Jarkar da nake sha a kwana biyu yanzu tana kai ni huɗu. Ba don kowa na yi ba."

Ban yi masa musu ba. Daga ranar ba mu sake ɗaga maganar ba.

Ina rubuta ranakun da ciwon Fadimatu ya tashi a bayan wani tsohon littafin aiki. A 1994 sau goma sha ɗaya. A 1995 sau huɗu. A 1996 sau uku. Muka cire kwalin da muka mayar a tagar, gaba ɗaya. Ta yi ƙiba, ta fara tsalle-tsalle da yaran unguwa a filin da motocin suka bari. Mahaifiyarta ta daina tashi tana kasa kunne a ƙofar ɗakinta.

Ranar wata Talata cikin Maris na 1997, bayan azahar, na dawo cin abinci na tarar da Fadimatu zaune a tsakar gida ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Ban san abin da ya tayar da shi ba, har yau. An shaƙa mata maganin asmar sau biyu bai yi komai ba. Leɓɓanta sun fara sauya launi. Na taɓa ganin wannan launin sau ɗaya.

Na ɗauke ta na fito. Titin babu mota ko ɗaya, babu babur. Makon nan gidajen mai duk a rufe suke, ababan hawan garin suna can a layi. Barau yana rumfa yana auna wa wata mata albasa. Ya dube mu ya ajiye mudun.

"Tawa tana kan tudu, yau ba ta fita ba, akwai mai a ciki. Biyo ni."

Ya ruga a gaba, dattijo mai shekara sittin, babbar rigarsa a hannu. Asibiti yana gabas, tudun yana yamma. Duk takun da na yi da yarinyar a kafaɗata nisanta ta nake yi da likita, ina sane da haka, amma a ƙafa ba za mu kai ba.

Na kwantar da ita a kujerar gaba. Ya zare dutsen da kansa ya faɗa ciki, motar ta gangara. Ya saki kuloci. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta yi shiru. Ta tsaya a ƙasan gangarar, tayoyin gaba cikin rairayi.

Rana tsaka ce, ba kowa a bayan gari sai wani mai garuwa da wasu mata biyu da suka ɗauko itace. Barau ya fito ya zagayo.

"Malam, ka iya kuloci?"

"Babur kawai na taɓa ja."

"Shiga. Taka wannan har ƙasa. In na ce saki, ka ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ka taka na dama."

Na ce shi ya zauna ni in tura, na fi shi ƙuruciya. Ya ce ban san inda ake kama ta ba, kuma ba lokacin gardama. Matan suka jefar da itacen, mai garuwa ya sauke garwarsa. Suka mayar da ita baya kaɗan zuwa kan marmara, suka turo. Na saki da wuri, motar ta mutu. Na biyu ma haka. Ina jin fiton ƙirjin Fadimatu a gefena yana ƙara siririntaka. A na uku na ji muryarsa daga baya, a shaƙe, yana cewa in saki. Ta kama. Ya zo ya ture ni gefe ya karɓi sitiyari, numfashinsa ya kusa fin nata ƙara.

Minti arba'in daga ƙofar gida zuwa asibiti. Ta rayu. Likita ya ce da an ƙara kaɗan da labarin ya sauya.

Da la'asar na fito na same shi zaune a barandar asibiti, ya jingina da ginshiƙi, hannunsa ɗaya a ƙirji. Na zauna kusa da shi.

"Wancan karon, da Manu ya kawo ku, minti nawa ne?"

"Takwas."

"Yau fa?"

Na gaya masa.

"To, Malam, kai ka yi karatu. In dawo da ɗaya ƙofar gida, a bar ta a kunne kamar da? Ko a bar su a can?"

Na duba ta kowace fuska. In ta dawo a kunne, hayaƙin ya dawo tagar. In ta zauna a tudu, wata rana za a sake yin minti arba'in, ko fiye. Na ce, "Ban sani ba, Baba." Ban taɓa faɗin gaskiyar da ta fi wannan nauyi a bakina ba.

Bai sake tambayata ba. Kafin wata ya ƙare ya sayar da motoci biyu. Ya tafi Kano da ta ukun, ya kwana huɗu a wurin bakanike, ya dawo da sabon kik da batir na gaske, an kuma yi wa injin aiki har hayaƙin ya ragu. Ya ajiye ta a tsohon wurinta, taku bakwai daga tagar, a kashe. Ya shigo zaurena ya buga ƙusa a bango ya rataye mukulli na biyu. Duk yammacin Juma'a har tsawon wata biyu yana fita da ni bayan gari yana koya mini tuƙi, yana zagina cikin ladabi idan na kashe ta.

Mota ɗaya ba ta iya ciyar da rumfuna uku kullum. Ya raba mata kwanaki: Maigatari ranar Alhamis da ake cin kasuwa da kuma Litinin, sauran biyun sau ɗaya a mako, kuma kada ta dawo wayam, ta ɗauko dabino ko gishiri ko hatsi. Amma kayan gwari ba sa jiran mako. Masu saye a Gagarawa da Sule Tankarkar suka koma wurin wasu, kafin shekara ta zagayo ya rufe rumfunan biyu. Manu ya ci gaba da tuƙi. Ɗantala aka sallama.

Na haɗu da Ɗantala a kasuwar hatsi bayan wata uku, yana dakon buhuna da bayan nan nasa mai ciwo. Na miƙa masa hannu. Ya karɓa, don ba mutumin banza ba ne.

"Yaya mai jiki, Malam?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Taka ɗaya ce, Allah ya raya ta. Nawa bakwai ne, su ma suna numfashi."

Na yi ƙoƙarin samo masa tuƙi a wurin aikinmu, ba a ɗauka a shekarar.

Motocin biyu da aka sayar ba su bar garin ba. Wani ɗan tasha ya saye su yana jigilar fasinja. Har yanzu ba sa tashi da mukulli. Suna tsaye a bakin tasha a kunne daga safe har a cika, kusa da matan da ke sayar da shinkafa da wake, wasu da goyo a baya. Ta nan nake bi zuwa aiki. Na san ƙarar kowacce.

Barau bai koma daidai ba tun ranar turin nan. Yakan tsaya ya huta tsakanin kanti da masallaci, shi da yake ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai. Ya ƙi zuwa asibiti sai da Safara'u ta haɗa shi da Manu, wanda ya ce in bai shiga mota da ƙafarsa ba zai ɗaure shi kamar ɗan maraƙi. An ce zuciya ce. Na tambayi likita ko turin ne ya jawo. Ya ce yana iya tsananta abin da ke akwai, amma ba zai iya cewa shi ne ba.

Ya rasu cikin daminar bana, 1999, wata safiyar Laraba, yana zaune a rumfa ana jera kwanduna. Safara'u ce ke riƙe da kantin yanzu, ƙofa ɗaya take buɗewa. Kauɗarta ta yi suna, har daga Maigatari ana aikowa. Tudun yana nan, ruwan sama ya zaizaye gefensa ɗaya, awaki ke hawa.

Fadimatu tana da shekara goma sha ɗaya. Bana ciwon ya tashi sau biyu, a ɗaya daga ciki ni na kai ta asibiti da mukullin motar da ke rataye a zaure, cikin minti tara. Batirin da Barau ya sayo ya kusa shekara uku, ya fara nauyin tashi da safe. Manu ya ce na gaske ya yi wuyar samu ko a Kano. Kullum in ya zo fita da motar, nakan ajiye kofin shayi in saurara har sai na ji ta kama.